Hayaƙi mai tsawa: Abin da ya kamata ku sani kafin ziyartar magangarar ruwan Victoria

A watannin da ruwa ya kawo, matafiyi kan hango wani farin gajimare tsaye cak a kan daji tun daga nisan kusan kilomita 50, kamar an cinna wa wani gari wuta. Sai ya matso zai ji rugugin da ke ƙarƙashinsa.

Feshin Kogin Zambezi ne, a wurin da kogin gaba ɗayansa yake kwarara cikin wani tsagaggen dutse a kan iyakar Zambiya da Zimbabwe. Mutanen yankin suna kiran wurin Mosi-oa-Tunya, wato "hayaƙi mai tsawa". Sauran duniya ta fi saninsa da magangarar ruwan Victoria.

Faɗin magangarar mita 1,708 ne, zurfinta kuma ya kai mita 108 a inda ta fi zurfi. Ba ita ce mafi tsawo a duniya ba, domin ta Angel da ke Venezuela tana da mita 979. Ta Iguazu da ke tsakanin Brazil da Ajantina kuma ta fi ta faɗi, sai dai waccan ta rarrabu gida fiye da ɗari biyu. Abin da ya fifita Victoria shi ne haɗuwar faɗi da zurfi a wuri guda, har ake ɗaukar ta a matsayin labulen ruwa mafi girma da ke zuba a doron ƙasa. Ta kusa ninka Niagara ta Amurka da Kanada a zurfi. Wanda ya taɓa tsayawa a gaban Gurara a jihar Neja sai ya ƙiyasta irinta uku an ɗora wata kan wata, da ɗan ƙari.

Kowace daga cikin ƙasashen biyu ta keɓe gandun daji a ɓangarenta. Na Zambiya, mai suna Mosi-oa-Tunya, girmansa murabba'in kilomita 66 ne. Na Zimbabwe kuma murabba'in kilomita 23. A shekarar 1989 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Yadda kogi ya sassaƙa dutse

Abin da kan fara ba baƙo mamaki shi ne babu wani tsauni a wurin. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Kogin yana tafiyarsa a hankali tsakanin tsibirai, dorinai na huci a cikinsa, sai kawai ƙasa ta buɗe baki a gabansa ya faɗa. Shi ya sa mai kallo yake tsayuwa a ɗaya gefen ramin, daidai da tsayin ruwan, suna kallon juna ido da ido, maimakon ya ɗaga kai yana kallon ruwa daga ƙasa kamar yadda aka saba a wasu wuraren.

Masana ilimin duwatsu sun ce kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce narkakken dutse ya yi ta malalowa daga ƙarƙashin ƙasa yana rufe yankin, hawa kan hawa. Da ya huce ya daskare sai ya tsattsage, daga baya laka da wasu duwatsu masu taushi suka cike tsagogin. Lokacin da Zambezi ya biyo ta kan wannan falalen dutse, bai iya cin mai taurin da sauri ba, sai ya riƙa ƙwaƙule mai taushin da ke cikin tsagogin har ya mayar da su ramuka masu zurfi.

Idan kogin ya gama ƙwaƙule tsaga ɗaya, yakan sami wani wuri mai rauni a bakinta ya ci gaba da cinsa, yana ja da baya har ya tarar da wata tsagar. Daga nan sai magangarar ta koma can, a bar tsohuwar ta zama kwazazzabon da ruwa ke wucewa ta cikinsa. An fi yawan ƙirga irin waɗannan tsofaffin mazaunai guda bakwai, wato ta yanzu ita ce ta takwas. Wanda ya kalli wurin daga jirgi mai saukar ungulu zai ga kwazazzaban sun yi karkace-karkace kamar sawun maciji a kan rairayi.

Aikin bai tsaya ba. A can ƙarshen yamma, a ɓangaren da ake kira Devil's Cataract, bakin dutsen ya riga ya yi ƙasa da sauran, kuma a nan ne ake ganin kogin ya fara haƙa hanyarsa ta gaba. Zai ɗauki dubban shekaru.

Duk ruwan da ya zubo daga wannan faɗi na sama da kilomita ɗaya da rabi, ƙofa ɗaya yake da ita ta fita, wadda ba ta wuce mita 110 ba. A bayanta ne yake murɗawa yana tafarfasa a wani wuri da ake kira Boiling Pot, wato tukunya mai tafasa.

Suna biyu, ko ma uku

Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa David Livingstone, ɗan mishan ɗin nan na Scotland, shi ne ya gano magangarar a ranar 16 ga Nuwamban 1855. Abin da ya fi daidai shi ne a ce shi ne Baturen farko da aka san ya gan ta ya kuma rubuta labarinta. Kai shi aka yi. Sarkin Kololo, Sekeletu, shi ya ba shi mutane da guzuri, kuma matuƙa kwale-kwale na yankin ne suka sauke shi a wani ɗan tsibiri da ke daidai bakin ramin, wanda a yau ke ɗauke da sunansa. Ya raɗa wa wurin sunan Sarauniyar Ingila ta lokacin, Victoria, wadda ba ta taɓa zuwa ba. Ya kuma shuka 'ya'yan itatuwa a tsibirin, da ya dawo a 1860 ya tarar dorinai sun tattake su.

Kafin Kololo, waɗanda su ma baƙi ne da suka yi ƙaura daga kudu a ƙarni na 19, akwai al'ummar Tonga da danginsu Toka-Leya, masu kiran wurin Shungu Namutitima. Suna da wuraren ibadarsu ta gargajiya a kusa da ruwan, kuma har yau masarautar Mukuni tana nan 'yan kilomitoci daga magangarar. Masu tonon kayan tarihi kuwa sun samo makaman dutse da ke nuna ɗan'adam ya zauna a gaɓar tun dubban ɗaruruwan shekaru.

Bayan samun 'yancin kai ƙasashen biyu sun sauya sunayen garuruwa da dama: Salisbury ta koma Harare, Fort Jameson ta koma Chipata. Amma garin Livingstone na Zambiya ya riƙe sunansa, haka ma garin Victoria Falls na Zimbabwe. Akan taso da maganar sauya sunan magangarar lokaci zuwa lokaci, sai masu otel-otel da kamfanonin yawon buɗe ido su tuna wa 'yan siyasa cewa da wannan sunan ne duniya ke sayen tikiti. UNESCO dai ta haɗa biyun a takardunta.

Wane wata ya fi dacewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a kanta ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Mutum biyu za su iya zuwa wuri guda, ɗaya a Afrilu ɗaya a Nuwamba, su dawo suna gardama kamar ba wuri ɗaya suka je ba.

Da farko, yankin yana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokutansa a juye suke da na ƙasashen Sahel. Daminarsa takan fara a Nuwamba ta ƙare wajen ƙarshen Maris ko Afrilu. Sanyinsa a Yuni da Yuli yake, zafinsa mafi tsanani kuma a Oktoba.

Na biyu, ruwan da ke zuba a magangarar ba na nan kusa ba ne. Zambezi, wanda tsawonsa ya haura kilomita 2,500, yana tasowa ne daga arewa maso yammacin Zambiya, ya ratsa gabashin Angola, ya dawo ya bazu a cikin wata makekiyar fadama ta Barotse. Fadamar takan sha ruwan ta riƙe shi na makonni, sannan ta riƙa sakinsa a hankali. Wannan ambaliyar ce take sa Litunga, sarkin al'ummar Lozi, ya bar fadarsa ta cikin fadama ya shiga babban jirgin ruwansa zuwa tudu a bikin da ake kira Kuomboka. Saboda wannan jinkiri, ruwan bai cika kai ƙololuwarsa a magangarar ba sai a Afrilu, lokacin da sama ta riga ta fara ɗaukewa.

A matsakaici, kimanin lita miliyan ɗaya ke zuba a kowace daƙiƙa. Idan ya cika, yakan kai lita miliyan 500 a minti guda, feshin kuma ya tashi sama da mita 400. A irin wannan lokaci mai ziyara zai ji ƙarfin ruwan a ƙirjinsa, zai jiƙe sharkaf ko da rigar ruwa, amma a wurare da yawa ba zai ga komai ba sai fari fat. Wayar da ba a sa a leda ba tana iya mutuwa kafin a kai rabin hanya.

Zuwa Oktoba da Nuwamba ruwan kan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake a Afrilu. Ɓangaren gabas, wanda ke gefen Zambiya, yakan bushe ya zama baƙin bango, sai 'yan siraran ruwa nan da can. Ɓangaren yamma kuwa ba ya yankewa duk shekara.

Wanda yake son ya ga ruwa mai yawa kuma ya ga fuskar dutsen, watannin Yuni zuwa Agusta sun fi masa. Ga sanyi, ga ƙarancin sauro, namun daji kuma sun fara taruwa a bakin kogi.

Akwai kuma wani abin da ba a ganinsa sai da dare. Idan wata ya cika kuma ruwa na da yawa, haskensa kan haifar da bakan gizo a cikin feshin, kuma akan buɗe ƙofofin gandun na 'yan darare domin kallonsa. Mai bin lissafin watan Musulunci ba ya buƙatar wani jadawali: ya nufi daren sha huɗu da wanda ke gabansa da na bayansa.

Bushewar ɓangaren gabas ta taɓa zama rigimar duniya. A ƙarshen 2019, lokacin wani fari mai tsanani, shugaban Zambiya na wancan lokaci, Edgar Lungu, ya wallafa hotunan busasshen dutsen a Twitter yana danganta su da sauyin yanayi, kafofin yaɗa labarai na duniya suka ɗauka. Alƙaluman hukumar da ke kula da Kogin Zambezi sun nuna cewa rabon da ruwan ya yi ƙasa haka tun 1995. Amma mazauna garin Victoria Falls sun fusata, suka riƙa ɗaukar hotunan kansu a gaban ruwa mai ƙarfi, suna cewa ana nuna wa duniya gefen da dama can yakan bushe kowace shekara, ana kore musu baƙi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Bayan 'yan watanni, a Afrilun 2020, kogin ya cika ya batse fiye da yadda aka gani a shekaru da dama, sai dai babu mai kallo, domin annobar korona ta sa an rufe ƙofofi.

Zimbabwe ko Zambiya?

Kusan kashi uku cikin huɗu na fuskar magangarar daga gefen Zimbabwe ake ganin sa. Akwai hanyar ƙafa da ta bi bakin ramin, da wuraren tsayawa 16, daga mutum-mutumin Livingstone a yamma har zuwa wani wuri mai santsi da ake kira Danger Point, inda babu shinge. Sa'o'i biyu zuwa uku sun isa a zagaya a natse.

Hanyar tana ratsa wani ɗan kurmi da feshin ruwa kaɗai ke raya shi, domin a nan yayyafi ba ya tsayawa dare da rana. Bahaushe zai ga sanannun itatuwa a cikinsa, irin su kanya da ɓaure da kajinjiri, sun yi girman da ba su cika yi a gida ba. Taku kaɗan daga inda feshin ya tsaya, sai busasshen daji ya karɓe. A bayan garin kuma akwai wata tsohuwar kuka da ake ƙiyasta shekarunta da dubu ko fiye.

Gefen Zambiya ya fi ƙanƙanta amma ya fi kusantar da mutum ga ruwan. Akwai wata siririyar gadar ƙafa da ake kira Knife-Edge da ke ratsa tsakiyar feshin, akwai matakalar da ke sauka har Boiling Pot, kuma daga nan ne kaɗai ake zuwa Tsibirin Livingstone. Wanda ya zo a Oktoba ya tsaya a wannan gefen kawai zai koma da takaici. Wanda ya zo a Mayu kuwa ba zai ji ya rasa komai ba.

Garin Victoria Falls yana dab da ƙofar gandun, ana iya takawa da ƙafa, kuma kusan kowa a cikinsa da baƙi yake ci. Livingstone tana da nisan kimanin kilomita 10, ta fi girma, tana da kasuwanni da rayuwarta ta kanta. Ita ce babban birnin Rodeshiya ta Arewa daga 1911 zuwa 1935, kafin a koma Lusaka, kuma gidan tarihinta shi ne mafi daɗewa a Zambiya.

Kowane gari yana da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Mai tasowa daga Afirka ta Yamma ko Saudiyya ko Turai yawanci zai sauya jirgi a Addis Ababa, Nairobi ko Johannesburg.

Batun biza ya dogara da fasfon da mutum ke riƙe da shi, ba inda yake zaune ba. Tun 2014 aka fito da wata biza ta haɗin gwiwa mai suna KAZA, kan dala 50, wadda ke ba mutum damar kai-komo tsakanin ƙasashen biyu na tsawon wata guda, har da leƙawa Botswana a wuni ɗaya. Sai dai 'yan wasu ƙasashe ne kawai ake ba, ciki har da Birtaniya da Amurka. Iyali ɗaya da ke zaune a Landan, uba da fasfon Najeriya 'ya'ya da na Birtaniya, za su iya tarar da ƙa'idoji daban-daban a teburi guda. Ƙa'idojin kuma suna yawan sauyawa, don haka a tuntuɓi ofishin jakadanci kafin a biya kuɗin jirgi. Mai fitowa daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kamar Najeriya, Ghana, Kamaru ko Chadi, ya riƙe katinsa na rigakafi.

A 2023 Zimbabwe ta ƙara kuɗin shiga ga baƙi 'yan ƙasashen waje daga dala 30 zuwa 50, kuma tikitin na shiga ɗaya ne. Na Zambiya ya fi sauƙi. A duka ƙasashen 'yan ƙasa suna biyan kaɗan ne daga cikin wannan, abin da bai kamata baƙo ya ji haushinsa ba. Dalar Amurka ce ke tafiyar da kusan komai a gefen Zimbabwe, kuma ƙananan takardu sun fi amfani saboda canji na wuya. A bakin titi matasa kan tallata tsofaffin takardun kuɗin ƙasar na zamanin hauhawar farashi, har da ta tiriliyan 100, a matsayin tsaraba.

Gadar da aka yi taro a tsakiyarta

Ƙasa kaɗan da magangarar akwai gadar ƙarfe da ta haɗa ƙasashen biyu, mai tsawon mita 198, tana rataye mita 128 a saman ruwa. Cecil Rhodes ne ya nemi a gina ta, a cikin burinsa na shimfiɗa layin dogo daga Cape Town zuwa Alƙahira, kuma ya so a sa ta inda feshin zai riƙa sauka a kan taragai. Ya mutu a 1902 ba tare da ya ga gadar ba. A Ingila aka ƙera sassanta, aka kawo su ta tashar ruwan Beira da ke Mozambik, aka buɗe ta a Satumban 1905. Layin dogon bai taɓa isa Alƙahira ba.

A Agustan 1975, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Zimbabwe, aka tsayar da wani taragon jirgin ƙasa daidai tsakiyar gadar. Tawagar Ian Smith ta gwamnatin tsirarun fararen fata ta zauna a gefen Rodeshiya na teburin, 'yan kishin ƙasa irin su Joshua Nkomo da Abel Muzorewa da Ndabaningi Sithole suka zauna a gefen Zambiya, saboda wasunsu za a iya kama su idan suka tsallaka. Kenneth Kaunda na Zambiya da John Vorster na Afirka ta Kudu ne suka shirya zaman. Ya watse cikin wuni guda, yaƙin kuma ya ci gaba har zuwa ƙarshen 1979.

A yau ana ba masu ziyara wata 'yar takarda a kan iyaka su taka gadar su dawo ba tare da biza ba. Daga kanta ne masu ƙarfin hali ke ɗaura igiyar roba a ƙafa su yi tsalle mita 111. A jajiberin sabuwar shekarar 2012 igiyar wata 'yar Ostireliya ta tsinke ta faɗa kogin, Allah ya yi da sauran kwananta ta fita da rai.

Bakin rami da namun daji

Hoton da ya fi yawo a shafukan sada zumunta shi ne na mutum kwance cikin ruwa a daidai bakin ramin yana leƙen ƙasa. Wurin shi ake kira Devil's Pool, wato tafkin shaiɗan, kusa da Tsibirin Livingstone. Wani tudun dutse ne a ƙarƙashin ruwa yake tare mutum. Ana buɗe shi ne kawai idan ruwa ya ja, yawanci daga tsakiyar Agusta zuwa Janairu, kuma sai da ja-gora mai lasisi. Matasan da ke tare baƙi a hanya suna cewa za su kai su da rahusa, su ne abin gudu.

Hatsarin da ya fi yawa ba a bakin ramin yake ba. Gwaggon biri a gefen Zambiya ya ƙware wajen fizge leda da jaka, kuma ba ya tsoron mutum. Kogin da ke sama da magangarar cike yake da kadoji da dorinai, duk da kwanciyar da yake yi. Giwaye kan shigo cikin garuruwan biyu, musamman da rani, kuma suna kashe mutane, yawanci mazauna yankin da ke tafiya da ƙafa ko a keke da asuba ko da almuru. Yankin yana cikin wani makeken gandun haɗin gwiwa na ƙasashe biyar, Angola da Botswana da Namibiya da Zambiya da Zimbabwe, inda ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2022 ta ƙiyasta giwaye 227,900. Abin da baƙo ke biyan dala don ya gani, shi ne ke cinye gonar masarar manomi a dare ɗaya.

A cikin gandun Mosi-oa-Tunya akwai raƙuman dawa da jakunan dawa da ɓauna, da 'yan fararen karkanda waɗanda dakaru masu bindiga ke bi dare da rana saboda mafarauta. Ana kai baƙi wurinsu da ƙafa.

Abinci ba zai zama baƙo ba. Abin da 'yan Zambiya ke kira nshima, 'yan Zimbabwe kuma sadza, tuwon masara ne, ana ci da ganye ko kifin karfasa na Zambezi. Sai dai gidajen abincin baƙi suna alfahari da naman dawa, ciki har da na gadu da na kada, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya ɗiba. Wanda kuma ya saba fuskantar gabas idan zai yi salla ya lura: daga nan Makka tana arewa ne, da ɗan karkata zuwa gabas.

Ruwa ɗaya, buƙata biyu

Kogin da ke jawo baƙi shi ne kuma ke kunna fitilun ƙasashen biyu. Tun a bakin magangarar, Zambiya tana da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 108 da ke karkatar da wani kaso na ruwan kafin ya zuba, abin da ke ƙara wa ɓangaren gabas bushewa da rani.

Can ƙasa kuma akwai madatsar Kariba, wadda aka kammala a 1959 bayan an tashi 'yan Tonga kusan 57,000 daga gonakinsu. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na lantarkin Zambiya daga ruwa yake fitowa. A 2024, lokacin da fari ya sa ƙasashen biyu suka ayyana dokar ta-ɓaci, ruwan Kariba ya ja har ya zama inji ɗaya ne kawai cikin shida ke aiki a gefen Zambiya, gidaje kuma suka riƙa kwashe sa'o'i 20 ko fiye a rana babu wuta.

Amsar da gwamnatocin biyu suka daɗe suna riƙe da ita ita ce wata sabuwar madatsa a kwazazzabon Batoka, kimanin kilomita 50 ƙasa da magangarar, wadda za ta samar da megawat 2,400 su raba daidai. A 2019 aka ba kamfanin General Electric na Amurka da Power China aikin, amma bai kankama ba, daga baya aka sanar da cewa za a sake neman 'yan kwangila.

Masu goyon baya suna nuna asibitoci da masana'antu da mahaƙar tagulla da ke zaune cikin duhu, hujjar da duk wanda ya taɓa rayuwa da janareta zai fahimta. Masu suka suna da nasu lissafin. Tafkin da madatsar za ta haifar zai taso baya ta cikin kwazazzaban har kusa da gindin magangarar, ya shafe mafi yawan guguwar ruwan da ake tseren kwale-kwalen roba a kanta, sana'ar da matasa da yawa na ƙauyukan yankin ke ci daga gare ta, masu tuƙi da masu ɗaukar kaya su hau da su bangon dutse. Zai kuma taɓa mazaunin wani ɗan ƙaramin shaho mai suna Taita da ke sheƙa a bangon kwazazzaban. Hujjarsu mafi nauyi ita ce ta farin kansa: idan rashin ruwa ne ya durƙusar da Kariba, sabuwar madatsa a kan kogi ɗaya da damina ɗaya za ta dogara.

Kwamitin UNESCO ya sha nuna damuwa kan wannan aiki, da kuma kan otel-otel da sauran gine-ginen da ke ƙara matsowa gaɓar kogin a ɓangarorin biyu, har ya tura tawagar bincike a 2022. Kawo yanzu ba a sanya wurin cikin jerin wuraren tarihin da ke cikin hatsari ba. Kwamitin dai ya nemi ƙasashen biyu su riƙa miƙa masa rahoto kan tasirin duk wani babban gini kafin a yanke shawarar da ba za a iya warwarewa ba.